Giya Ta Biyar

Yau shekaruna tamanin ba ɗaya a duniya, abin da zan faɗa kuwa ya auku ne shekara ashirin da 'yan kai da suka shige, a unguwar Yalwawa, cikin Dutse. Na daɗe ina ƙin rubuta shi, domin duk sa'ad da na tuna sai raina ya sake ɓaci kamar jiya aka yi. Amma na ji jikokina suna ba da labarin a karkace, suna dariya a inda ba wurin dariya ba, saboda haka na ga ya kamata in ajiye shi yadda yake.

Ni makaniki ne. Na koyi aikin injin a Kano tun ina saurayi, a hannun wani tsohon Bature wanda ya yi aikin motocin tsere a ƙasarsu kafin ya zo tamu. Shi ya koya mini cewa injin numfashi yake yi: ya shaƙi iska da mai, ya matse su, fulogi ya ba da wuta, sa'an nan ya fitar da hayaƙi. Gwargwadon matsar, gwargwadon ƙarfin. Wannan magana na riƙe ta shekara da shekaru ina gyaran motocin gwamnati, inda ba mai tambayarka ƙarfi, abin da ake so kawai mota ta tashi da safe. Da aka ba mu jiha aka mai da Dutse babban birni, sai aka dawo da ni nan a matsayin shugaban masu gyara. Lokacin garin duwatsu ne da itatuwan dabino da ma'aikata baƙi masu neman ɗakin haya. Bayan 'yan shekaru na yi ritaya, na sayi wata tsohuwar doguwar mota a gwanjo, na ce yanzu zan gina abin da na sani, ba abin da aka umarce ni ba.

Shekara biyu na yi a kanta, ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidana. Kan injin na kai Kano aka kankare shi kaurin 'yan takardu, don ɗakin da wuta ke tashi ya ƙanƙance, matsa ta ƙaru. Hanyoyin da iska ke bi na bi su da hannuna, da zarto da takardar yashi, har sai da yatsa ke zamewa a ciki. Fistin huɗu, masu matse iskar da man, na ɗauka na kai wa mai sayar da zinariya ya auna mini su a ma'auninsa, na yi ta shafe masu nauyi har suka zo daidai, yana kallona kamar wanda ya taɓu. Na sa kafireto mai maƙogwaro biyu. Bututun hayaƙi huɗu na yanka su tsawo ɗaya, na tsaya a kan mai walda har ya gaji da ni. Ba na faɗin wannan don alfahari. Ina faɗi ne don mai karatu ya san girman abin da aka sa na rushe.

Sai dai injin irin wannan yana da zaɓen abinci. Waɗannan kuwa shekarun wahalar mai ne, gidajen mai a rufe, abin da ake samu a bakin titi rabinsa kananzir. Idan matsa ta yi yawa man kuma ba shi da kyau, sai ya kama da kansa tun fulogi bai ba da wuta ba. Za ka ji ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa, idan ka yi kunnen ƙashi kuwa sai ta huda kan fistin. Maganin wannan na san shi tun daga wurin maigidana na Kano: sifirit. Shi ne ruwan nan mai launin shuni da kafintoci ke narka man goge katako da shi. Yana jure matsa, yana sanyaya cikin injin, motocin tsere na Turai da danginsa suke gudu. Nakan zuba awo ɗaya cikin awo tara na fetur, na kuma ɗan buɗe ƙofar mai ta kafireto. Tun daga ranar tsakuwar ta yi shiru. Jarka guda nake sayowa daga Kano, in ajiye ta a zaure, bayan ƙofa.

Ban taɓa yin tsere da kowa ba, wannan aikin yara ne. Amma idan ina tafiya Miga gai da dangi, direban haya ya zo wucewa yana leƙena kamar tsoho ya ɓata hanya, nakan ɗan taka, in bar shi yana neman inda na shiga. Abu ɗaya ya rage mata: giyarta huɗu ce, injin kuwa yana neman ta biyar. Sai a shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu na sami akwatin giya mai biyar a Kano, na ɗauko na ɗaura.

A nan ya wajaba in faɗi matsayina a unguwa. Shari'a na yi murna da zuwanta kamar kowane Musulmi. Abin maye ban taɓa kai shi bakina ba, ko taba ban sha ba. Shekara tara ina tsayawa daidai bayan liman a masallacinmu, idan ya yi tafiya kuwa ni ake turawa gaba in ja salla. Ban nema ba, jama'a suka ba ni, kuma ban ɓoye wa kaina cewa ina jin daɗin abin ba.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, dillalin shanu daga wajen Miga, wanda ya tare a layinmu. Tsakanin ɗan mace da ɗan namiji akwai wasa tun kaka da kakanni, kowa ya faɗa wa ɗan'uwansa abin da ya ga dama, ba fushi. Duk tsofaffin unguwa sun san haka muke. Ran nan bayan la'asar muna zaune a majalisa gefen masallaci, sai ya gyara murya.

"Jama'a, ku yi wa bawana faɗa. Ana hana giya a gari, shi ya tafi Kano ya ɗauko har biyar ya ɓoye a mota."

Da na yi shiru da shi ke nan. Amma ban saba barin taubashi ya ci ni da baki ba.

"Kai da ko ta ɗaya ba ka taɓa ɗanɗanawa ba, me ka sani? Ta biyar ɗin ita ce mai daɗi. Idan na shiga ta, ba na jin ƙafata a ƙasa."

Tsofaffi suka yi dariya, domin kowa ya san giyar mota daban, giyar kwalba daban, suna ne kawai ya haɗa su. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, wani akawu da aka yi wa canjin aiki zuwa Dutse watanni kaɗan kafin nan. Magidanci ne mai natsuwa, mai son addini, an sa shi cikin kwamitin da unguwa ta kafa don sa ido kan abubuwan da shari'a ta hana. Bai san ni ba, bai san wannan mutum taubashina ne ba.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, ina tsiyaya sifirit daga jarka zuwa gwangwanin awo, sai ga shi zai wuce ofis. Ya yi sallama, ya tsaya, na ga hancinsa ya motsa.

"Baba, wannan kuwa mene ne?"

Ni kuma na ɗauka na sami ɗalibi. Shekara nawa ina neman wanda zai tambaye ni. Na ajiye gwangwani na fara yi masa bayanin matsa da wuta, na ce wannan dangin barasa ne, da shi Turawa ke tsere.

"Dangin barasa," ya ce. "Sha ake yi?"

"Kullum sai ta sha," na ce, ina nuna motar da haɓata. "In ba ta sha ba, ba zaman lafiya."

Ya yi godiya ya tafi. Kowane Bahaushe ya san mota shan mai take yi. Har yau ban gane ko bai ga haɓata ba ne, ko ya gani ya ɗauka dabara ce.

Ban lura da komai ba sai da liman ya tafi ta'aziyya Kafin Hausa. Aka yi iƙamar azahar, na gyara rigata ina jiran hannun da ya saba taɓa kafaɗata. Ba wanda ya taɓa ni. Kowa a sahu yana kallon tabarma. Can sai na ga an tura wani tela gaba, mutumin kirki, amma wanda ni na gyara masa karatun Fatiha. Na bi shi salla, Allah ya karɓa, sai dai ban san abin da na karanta ba.

A gida uwar 'ya'yana ta ajiye mini abinci, ta zauna nesa kaɗan.

"Alhaji, sai yau ka sani? Mata sun kwana uku suna yi. Wai kana da jarka a zaure. Wasu ma sun ce da bakinka ka ce akwai wadda ke sha kullum a gidan nan, ni kuwa ni kaɗai ce mace a gidan."

Wannan shi ya fi yi mini ciwo. Matar da ta haddace izu ashirin.

Washegari da safe mai unguwa ya aiko kirana. A zaurensa na tarar da liman ya dawo, ga akawu, ga tsofaffi biyu, ga taubashina a kusurwa yana cin goro kamar an gayyace shi walima. Na shiga da jarkar a hannun dama, da tsohon sandan giya a hannun hagu, na ajiye su tsakiyar tabarma.

Akawu ya faɗi abin da ya ji da abin da ya shinshina, bai ƙara ba bai rage ba, wannan na shaide shi. Na ɗaga sandan na ce, "Ranka ya daɗe, ga giyar da ake magana. Wanda ya iya shanta, bismilla." Mai unguwa ya danne dariya ya ce maganar giya ta wuce, kowa ya san bakin taubashin nan. Saura jarka.

Na fara bayani. Na ɗauko daga numfashin injin, na zo kan kankare kai, na shiga zancen kananzir. Ban kai ga fistin ba na ga ɗaya daga cikin tsofaffin yana gyangyaɗi. Ilmin da na tara shekara arba'in, ga shi ina zubawa a gaban mutanen da ba su san inda ake duba ruwan batir ba.

Liman ya ɗaga hannu. Dattijo ne mai sanyin magana, ya girme ni da kaɗan.

"Alhaji, tambaya ɗaya. Idan mutum ya sha wannan, me zai same shi?"

"Allah gafarta Malam, makancewa zai yi, ko ya mutu. Guba aka zuba a ciki da gangan, shi ya sa aka rina shi."

"Kafin ya makance fa? Yana buguwa?"

Na so in ce a'a. Amma ban taɓa yin ƙarya a kan injin ba, balle a gaban liman.

"Yana iya buguwa."

"Kun ji," in ji akawu, a hankali.

Taubashina ya tofar da goro. "Malam akawu, wannan bawan nawa na san shi tun yana yawo ba wando. Rowa gare shi, girman kai gare shi, idan ya fara zancen ƙarfe sai ka roƙi Allah ya kawo ruwan sama. Amma ko kunun da ya kwana ba ya sha. Ni na ja masa wannan, da bakina." Iyakar taimakon da ya yi mini ke nan a rayuwarsa, shi ma sai da ya haɗa da zagi.

Liman ya ce shi ba ya yanke magana a kan abin da bai gani ba, a je a nuna masa. Muka ɗunguma ƙofar gidana. Na zare bututun mai na sa a galan na fetur irin na bakin titi, ba sifirit a ciki, na hau da motar ɗan tudun bayan layinmu, liman yana gefena. Tsakuwa ta fara kaɗawa a gwangwani. Ya karkata kunne ya ce ya ji. Na dawo na mai da bututun cikin tanki mai gaurayen sifirit, muka sake hawa. Shiru, sai gurnani mai laushi.

"To, ina ta biyar ɗin?" ya ce.

Na ɗauke shi muka hau titin Shuwarin. Mai unguwa da akawu da taubashi suna baya. Na bi giya ɗaya bayan ɗaya, da hanya ta miƙe na sa ta biyar. Itatuwan dabino suka riƙa wucewa kamar ana zare su. Liman ya dafe hularsa da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana kan ƙofa, leɓunansa suna motsi. Akawu ya ce, "Baba, mun gamsu." Na yi kamar ban ji ba. Ban taɓa jin injin nan ya yi waƙa kamar ranar ba, kuma ban san ita ce ta ƙarshe ba.

Da muka koma zauren mai unguwa, liman ya sha ruwa tukuna, sa'an nan ya ce ya shaida motar ce take sha, ba mai motar ba, ba kuma iyalinsa ba. Ya ce abin da aka yi don ƙonawa a injin, aka kuma zuba masa guba, bai ga laifi a kan mai ajiye shi ba. Ya umarci akawu ya nemi gafarata, ya kuma aika matarsa ta nemi gafarar uwar 'ya'yana. Akawu ya durƙusa ya yi, har da ƙwalla. Na yafe masa. Na miƙa hannu zan ɗauki jarkata.

"Saura magana ɗaya, Alhaji," in ji liman. "Mu shida muka gani. Unguwar nan kullum baƙi ake kawowa, kowane wata da sabon hanci. Ba zan iya ɗaukar kowa zuwa Shuwarin ba, ko da zan iya ma, ba zan sake shiga motar nan ba. Wanda zai tsaya gaban mutane bai kamata a ce akwai abin da sai an yi bayaninsa a bayan ƙofarsa ba."

"Allah gafarta Malam, a asibiti da shi ake wanke rauni. Kafintan bakin kasuwa yana da jarka biyu."

"Kafinta ba ya jan mu salla."

"Ashe an wanke ni, kuma an hukunta ni?"

"Ba hukunci ba ne. Ka riƙe jarkarka, ba mai ce maka komai, tela ya ci gaba. Ko ka rabu da ita ka koma wurinka. Zaɓi naka ne."

Na fita ko sallama ban yi da kyau ba. Kwana uku ina zagaya motar. Na auna ta kowace fuska. Man kirki babu shi a gari, in ma ya zo ba ya kwana. Injin ba sifirit, cikin wata guda fistin zai huje. Ba wata hanya sai a rage matsar, wato a rushe ainihin abin da ya sa ta zama ita. Na yi fushi da akawu, na yi fushi da taubashi, na yi fushi da wanda ya fara kiran sandan mota da sunan abin kwalba. Na fi yin fushi da liman, domin na juya maganarsa ta kowane gefe ban sami inda zan kama ta ba. A rana ta uku liman bai fito ba, na sake bin tela sallar la'asar, ya ja wani harafi inda ba a ja. Na dawo gida na ɗauko akwatin sifanu.

Na kwance kan injin. Na sa gaskit mai kauri tsakanin kan da jikin injin, na ɗora wani a kansa, abin da in yaron shago ya yi a gabana da sai na kore shi. Na ja lokacin wuta baya, na mai da ƙaramar ƙofar mai. Aikin shekara biyu, yini ɗaya ya ishe shi. Jarkar na kai wa kafinta kyauta, da rana tsaka, ta tsakiyar kasuwa, don kowa ya gani.

Motar ta tashi lafiya, tana cin kowane irin mai ba ƙorafi, kamar jakin ɗaukar taki. Ta biyar tana nan, amma in ka sa ta sai motar ta yi kasala, sai fa a gangara. Zuwana Miga na farko bayan haka, wata bas cike da buhunan gero da awaki a sama ta wuce ni, kwandasta yana ɗaga mini hannu.

Da liman ya sake tafiya, aka yi iƙama, sai na ji hannu a kafaɗata. Na waiga, akawu ne. Na shiga gaba na ja salla, na kuma ci gaba da ja duk sa'ad da liman ba ya nan, har gwiwoyina suka hana ni tsayuwa. Ban ce na yi nadamar zaɓina ba. Abin da nake cewa shi ne bai kamata a ce sai na zaɓa ba, kuma a kan wannan zan tsaya har in koma ga Ubangijina.

Taubashina kuwa bai bar ni ba. Shi ya raɗa wa motar suna Tubabbiya, sunan ya bi ta har tasha, har ranar da na sayar da ita. Akawun ma, bayan kamar shekara guda, ya turo babur ɗinsa ƙofar gidana, ya gaishe ni da ladabi, ya ce ko akwai abin da za a yi masa ya ƙara gudu. Na ce ya duba iskar taya.

Wanda ke shakkar abin da na rubuta, ba ni kaɗai na gani ba. Liman da mai unguwa da tsofaffin nan biyu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Amma akawu yana raye, ya yi ritaya, yana nan bayan masallaci. Kafinta yana bakin kasuwa. Uwar 'ya'yana tana ɗaki, ita ta fi kowa riƙe zancen. Taubashina ma ya koma Miga, yana nan, ba haƙori ko ɗaya a bakinsa, sai dai kada a karɓi labarin daga wurinsa.